Ɗigo Uku a Kan Shin

Gujranwala, 2 ga Maris, 2017

Ɗana Nauman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ƙanwarka Uzma da mijinta da yara suna gaishe ka. Ciwon gwiwata yana nan, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ka san ba na yin magana mai nauyi ta waya. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta, ba a tsaye kana cusa abinci a baki kamar yadda ka saba ba.

Jiya matar Hafiz Sahib maƙwabcinmu ta shigo da jarida ta nuna mini hotonka. Wai kai ne ƙwararren da ya bankaɗo wani tsoho a Multan, wanda ya ƙirƙiri sa hannun wata 'yar fim ya sayar wa mutane. Tabarauna suna wurin gyara, don haka ita ta karanta mini. Ta haɗiye rabin labarin, sunan 'yar fim ɗin ma ta ƙi faɗa, wai bakin da take karatun Alƙur'ani da shi ba zai ambaci 'yar rawa ba. Sannan ta naɗe jaridarta ta tafi.

Ban taɓa ɓoye maka ba, aikin nan naka bai kwanta mini ba. Mahaifinka Haji Fazal Karim, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana auna yadi a kasuwa, bai taɓa tauye wa kowa ko faɗin yatsa ba. Ɗansa kuma yana zaune a ɗaki mai sanyi yana buga hatimi a kan sunayen 'yan fim da 'yan kurket, wai wannan na gaske ne, wancan na jabu ne. To amma tunda ka kama maƙaryaci, wannan karon ka yi abin kirki. Tsoho da furfurarsa, ƙafa ɗaya a kabari, bai ji kunyar Allah ba? Kada ka tausaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ya shiga da ƙafarsa shi ya jiyo.

Ka aiko mini da cikakken bayani, in samu abin amsa wa mata idan sun tambaya. Kuma ka aske wannan sumar, a hoton ka yi kama da direban babbar mota.

Allah ya tsare ka, ya tsare maka sallarka.

Mahaifiyarka,
Riffat Jahan

Karachi, 9 ga Maris

Ammi ji,

Wa alaikumus salam. Na karanta a zaune, Allah shaida, sai dai akwai kofin shayi a hannuna. Sumar kuma tana gaishe ki, ta ce tana nan daram.

Yau shekara shida ina wannan aiki, sai yanzu na ji yabo daga bakinki. Na ajiye wasiƙar, zan sa a buga mata hatimi a tabbatar ke kika rubuta.

Ga labarin. 'Yar fim ɗin Dilnashin ce, ta Lahore, wadda ta rasu bara. Ke ba za ki san ta ba, tunda ko tallan sabulu aka sa a talabijin kashewa kike yi, amma a zamaninta har layi ake kwana a kai don fim ɗinta. Tun da ta rasu, duk takardar da ta taɓa sa wa hannu ta zama abin nema. Tsohon sunansa Allah Ditta, shekara arba'in yana juya majigi a wani gidan silima a Multan. Ya sayar wa wani likita tsohon tikitin silima, ya ce a gabansa ta sa hannu a bayansa a shekarar 1975. Likitan ya kawo mana mu tantance, ni aka ba.

Ammi, ko minti goma bai ɗauke ni ba. A ma'ajiyarmu muna da hotunanta ɗari biyu da sha biyu masu sa hannu, da yawansu har da ambulan ɗin da aka aiko su daga ofishinta. Rubutu kamar an zana da gashin tsuntsu. A kowanne, harafin shin na tsakiyar sunanta yana ɗauke da ɗigo uku a rarrabe, biyu ƙasa ɗaya sama, tsaf kamar duwatsun murhu. Na tsohon kuwa ba ɗigo ko ɗaya, wata 'yar ƙugiya ce kawai aka ja a sama, haruffan kuma sun karkace kamar kaza ta taka tawada. Ko ƙoƙarin kwaikwayo bai yi ba.

Likitan ya kai ƙara. Ranar 24 ga Afrilu za a zauna a kotu a Multan, ni zan ba da shaida. Lauya ya ce ana iya ɗaure shi.

Na sa miki kwafin biyu a ciki, na gaske da na jabun, ki nuna wa matar Hafiz Sahib idan idonta zai yarda ya kalla. Ke kika koya mini kallon rubutu tun ina kan allo, kina tsaye da rula a kaina. Kin ga wahalarki ba ta tafi a banza ba.

Ki gaida Uzma. Ki riƙa shan maganin gwiwar, ba ajiye shi a kan firji ba.

Ɗanki mai biyayya wani lokaci,
Nomi

Gujranwala, 14 ga Maris

Nauman,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, tabarau ma sun dawo. Na ga takardun biyu.

Ina so in tambaye ka. Shin mutum ba zai iya yin rubutu iri biyu ba? Idan yana tsaye, ko ana ture shi, ko hannunsa na rawa? Su waɗannan hotuna ɗari biyu da kake taƙama da su, wa ya gan ta da idonsa tana sa musu hannu? Ambulan ai ba ido gare shi ba.

Na sake tunani a kan tsohon nan. Shekarunsa sun kai na kakanka. Annabi ya hore mu da girmama furfura, kuma wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Ba dole sai kai ne za ka tsaya a kotu ba. Ka ce musu ba ka da lafiya, ko ka ce mahaifiyarka ce ba lafiya, wannan ma ai ba ƙarya ba ce. Su tura wani.

Kuma ban ji daɗin yadda ka kwatanta rubutun mutum da ƙafar kaza ba. Ba kowa Allah ya ba damar zama a aji ba. Yi wa mutane dariya ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Ban nuna wa matar Hafiz Sahib komai ba, kada kuma ka ƙara aiko mini irin waɗannan abubuwa.

Mahaifiyarka

Karachi, 21 ga Maris

Ammi ji,

Salam. Sau uku na duba rubutun wasiƙarki da madubin aiki mai ƙara girman rubutu, don na ɗauka wani ne ya kwaikwaye ki. Matar da ta mare ni a gaban baƙi saboda na ce ban ci gwaibar maƙwabta ba, yau ita ke cewa in yi ciwon ƙarya? Kusan mako uku da suka wuce kin ce kada in tausaya masa. Me ya faru tsakanin nan da can?

Tunda kin tambaya, tsohon ya zo ofishinmu ranar Asabar. Kwana ya yi a jirgin ƙasa daga Multan. Dogo ne, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Mai gadi ya hana shi shiga, ya zauna a matakala har shugabanmu Lodhi Sahib ya gaji ya ce a shigo da shi.

Da ya shigo ya ce, "Wane ne mai madubin?" Aka nuna ni.

Ya ce, "Puttar," wato ɗana, "a wace shekara aka haife ka?"

Na ce, "Tamanin da huɗu, Baba ji."

Ya ce, "To ni shekara tara kafin a haife ka na tsaya kusa da ita kamar yadda nake kusa da kai. Ranar buɗe fim ce, taro ya yi mata yawa, aka ɓoye ta a ɗakin majigina. Na miƙa mata tikiti da biro. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, sannan ta damƙi biron a dunƙule kamar mai riƙe wuƙa. Kai madubinka yana wurin?"

Lodhi Sahib ya ce, "Baba ji, wataƙila fim ɗin ne ya shige maka kai. Shekara arba'in a ɗaki mai duhu ba wasa ba." Yaran ofis suka fashe da dariya.

Ammi, sai tsohon nan ya kwance rawaninsa, ya sunkuya ya ajiye shi a kan takalmina. Kin san abin da wannan yake nufi a wurin mutumin Punjab. Ya ce, "Ba ɗaurin nake tsoro ba. Shekara ashirin ni ke riƙe da mabuɗin masallacin unguwarmu, ranar Juma'a suka karɓe."

Na ɗauki rawanin na mayar masa. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma ɗari biyu da sha biyu ne a gefe guda, ɗaya a gefe guda. Idan na bi hawaye na bar hujja, me ya rage na aikina? Zan je kotu.

Idan akwai abin da kika sani, ki faɗa. Idan babu, ki bar ni in yi abin da kika koya mini.

Ɗanki,
Nomi

Gujranwala, 27 ga Maris

Nomi, ɗana,

Assalamu alaikum. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yaga. Ka karanta kai kaɗai.

Kun taso kuna jin cewa bayan na gama sakandare na yi shekara biyu a Lahore a gidan Khala Zubaida, 'yar'uwar mahaifiyata, ina koyar da yara a wata makarantar 'yan mata. A gidan Khala na zauna, wannan gaskiya ne. Makaranta kuwa babu ita.

A shekarar 1974 ina da shekara sha bakwai, ba abin da na mallaka sai takardar sakandare da lambar yabo ta kyawun rubutu. Mijin Khala yana ɗinka wa 'yan fim kaya. Shi ya ji Munshi Barkat, mai kula da harkokin Dilnashin, yana neman yarinya mai kyan hannu. Aka kai ni gidanta. Aikina in buɗe wasiƙun masoyanta, in karanta mata waɗanda za su ba ta dariya, in amsa, in saka hoto a ambulan. A ranar farko na tura mata tarin hotuna da alƙalami ta sa hannu. Ta kalle ni, ta kalli Munshi, Munshi ya fita ya ja ƙofa.

Ta ce, "Ke 'yar makaranta, rubuta sunana in gani."

Na rubuta. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ni ce?"

Na ce, "Ke ce, Bibi."

Ta ce, "Wallahi na fi kyau a takarda. Daga yau ke ce hannuna."

Nomi, matar nan ba ta iya karatu ba, ko alif. Tun tana shekara tara take rawa a bukukuwa. Maganganun fim karanta mata ake yi ta haddace, sau biyu ya ishe ta. Sunanta kaɗai wani ya taɓa koya mata zanawa, shi ma kamar mai jan buhu. Na yi wata guda ina ƙoƙarin gyara mata hannu. Kullum a kan shin muke faɗa. In ce, "Bibi, ɗigo uku ne." Ta ce, "Wa ke da lokacin ɗigo uku? Ni da ake jira a gaban kyamara?" Sai ta ja ƙugiya ɗaya a sama ta jefar da alƙalamin. Wata rana ta ce, "Malama Ɗigo, ki riƙe ɗigoginki, ki bar mini ƙugiyata, kowa da abin kamun kifinsa." Ta yi dariya, amma da na juyo na ga tana goge ido da gefen mayafi.

Idan za ta fita taro, da hotunan da na riga na sa wa hannu take fita, Munshi yana rabawa. Ba ta taɓa biro a gaban mutane sai an ritsa ta inda ba mafita. Ban je Multan ba, ban san Allah Ditta ba. Amma da na ga kwafin tikitin nan sai da na zauna a ƙasa. Hannunta ne. Na san wannan ƙugiyar kamar yadda na san tabon goshinka.

Hotunanku ɗari biyu da sha biyu kuwa, ni ce. Shekara biyu da wata huɗu, wata rana sittin, wata rana tamanin. Da na bar aikin sai da na zauna na sa wa akwati biyu hannu, don su daɗe suna rabawa. Abin da kuke kira na gaske na mahaifiyarka ne, abin da kuka kira jabu shi kaɗai ne nata.

Za ka ce me ya hana ni faɗa tun a wasiƙar da ta wuce. Abu biyu. Ranar da zan tafi ta ɗora hannuna a kan Alƙur'ani, na rantse ba zan taɓa gaya wa kowa ba ta iya rubutu ba. Wannan shi ne dalilin da nake so in ce shi ya hana ni. Na biyun shi ne na gaske. Dangin mahaifinka ba za su taɓa karɓar yarinyar da ta yi aiki a gidan 'yar fim ba, don haka aka ce musu malama ce. Ya rayu da ni shekara talatin da ɗaya, ya rasu yana gaya wa mutane matarsa ko ƙofar silima ba ta sani ba. Kullum na ji ya faɗa sai in ƙara tsananta muku. Marin gwaibar nan ba kai kaɗai na mara ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na kowa a unguwar nan.

Na sa takarda a ciki. Yau da safe na rubuta sunan sau goma, bayan shekara arba'in. Hannun bai manta ba. Ka sa a ƙarƙashin madubinka.

Uzma ba ta sani ba. Ka san gidan da take aure, ka san surukarta.

Ban san da wane baki zan ce Allah ya yi maka albarka ba, amma ina faɗa.

Ammi

Karachi, 6 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifiyata,

Wa alaikumus salam. Na duba. Na kuma ba abokan aiki biyu ba tare da na gaya musu daga inda takardar ta fito ba. Dukansu sun ce hannun Dilnashin ne, ɗaya har yana tambaya ina na samo wannan taskar.

Na kai wa Lodhi Sahib. Ban faɗi sunanki ba, na ce wata tsohuwa ce. Ya rufe ƙofa ya ce, "Ka san takardun shaida nawa muka bayar a kan wannan hannun? Sun haura ɗari shida. Akwai a Dubai, akwai a Landan. Kana so in kira su ɗaya bayan ɗaya in ce hatiminmu na wasa ne?"

Na ce, "Sahib, mutum za a ɗaure."

Ya ce, "Wa ya ce a ɗaure shi? Ni ba azzalumi ba ne. Zan lallashi likitan ya janye ƙara, a ce an tausaya wa tsufansa. Baba ya koma gida ya sha damammen nononsa na lassi. Amma rahotonmu yana nan yadda yake. Ita tsohuwar taka kuma ka gaya mata, mai kwaikwayon hannun mutane sunansa ɗaya a doka."

Ga yadda abin yake. Hanya ta farko ita ce tasa. Ba ɗauri, ba wanda zai ji sunanki, ni ma ina kan kujerata. Sai dai Allah Ditta zai mutu a matsayin maƙaryacin da aka yafe wa. Hanya ta biyu, ki zo Multan ki tsaya gaban alƙali ki rubuta sunan nan a gaban kowa. Jaridu za su ɗauka, matar Hafiz Sahib za ta karanta, surukar Uzma za ta ji. Ni kuma aikina ya ƙare, ba a nan kaɗai ba.

Ba zan zaɓa miki ba. Tun ina yaro ke kike gaya mini abin da yake daidai, ban taɓa samun damar koyon zaɓa da kaina ba. Abin da ya fi ci mini rai ba aikin da kika yi a Lahore ba ne, wannan ko a jikina. Shekara shida ina kallon rubutun mahaifiyata kullum, ina kiran kaina ƙwararre, ban gane ba.

Ina jiran amsa kafin ranar sha biyar.

Nauman Fazal

Gujranwala, 10 ga Afrilu

Nauman,

Assalamu alaikum. Na yi istihara, na yi tunani.

Ka bi hanyar Lodhi Sahib. Abin da muke gudu shi ne a ɗaure bawan Allah, kuma ba za a ɗaure shi ba. Maganar mutane iska ce, wata biyu sun manta. Allah ya san gaskiyarsa, sanin Allah kuma ya fi takardar kowane kamfani. Ba don kaina nake faɗa ba. Uzma tana da 'ya'ya mata uku da za a nema wata rana, kai ma ba ka yi aure ba. Ga kuma rantsuwa a wuyana, da sirrin matar da ke kabari. Addini bai ce mutum ya tona wa kansa asirin da Allah ya rufe ba.

Na sa a ciyar da mabuƙata a masallaci da niyyar Allah ya ba tsohon nan lada. Zan riƙa sa shi a addu'a.

Ka ƙona takardar da na aiko. Kada mu sake tayar da maganar nan.

Mahaifiyarka

Karachi, 15 ga Mayu

Ammi,

An janye ƙarar kamar yadda kika zaɓa. Wannan wasiƙar da na sa miki a ciki ta zo mini jiya. Ina ganin ba ni kaɗai aka rubuta wa ba.

Nauman

Multan, 8 ga Mayu

Zuwa ga Nauman Sahib mai madubi,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya ƙara maka girma, ya ja kwanan iyayenka idan suna raye. Ka yi haƙuri da rubutuna, ido ɗaya ne ke aiki.

An gaya mini kai ka sa baki aka janye ƙara. Na gode, puttar. Na zo ofishinku na ɗaga maka murya, kai kuma ka rama da alheri. Wadda ta raine ka ta iya tarbiyya.

Ina gida lafiya. Masallaci ina zuwa, amma sai an tayar da salla nake shiga, in tsaya a sahun baya kusa da takalma, in fita kafin a shafa. Ba wanda ya kore ni. Ni ne ba na son in sa mutane cikin wahalar neman inda za su ajiye idonsu. Mai shayin bakin titi idan na miƙa masa kuɗi sai ya ɗaga su sama ya duba, mutane su yi dariya. Wasa yake yi, yaron kirki ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Tun da na dawo nake ta juya ranar nan a raina. Da ina ganinta sarai, har ƙamshin turarenta. Yanzu kuwa sai in ga kamar mayafi ya rufe fuskar. Babban ɗana ya ce wataƙila wata ce daga cikin masu rakiyarta ta shigo ɗakin, ni kuma da zumuɗi na ɗauka ita ce. Ku kun yi karatu, kuna da na'ura, kuna da ɗari biyu. Ni tsoho ne mai ido ɗaya. Wataƙila shekara arba'in da biyu ina ba mutane labarin abin da bai faru ba. Matata ta rasu tana gaskata ni, wannan ne ke damuna.

Idan haka ne, na cuci likita, na ɓata muku lokaci. Liman ya ce tuba ba ta cika sai an nemi gafarar wanda aka yi wa laifi. Na je wurin likita bai fito ba. Kai ina roƙonka ka yafe mini kafin azumi ya kama.

Naka mai neman gafara,
Allah Ditta, tsohon mai majigi

Gujranwala, 22 ga Mayu

Zuwa ga Baba Allah Ditta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ba ka san ni ba. Sunana Riffat Jahan, ni ce mahaifiyar Nauman.

Kada ka sake neman gafarar kowa. Ita ce ta shigo ɗakinka, ita ce ta sa hannu, idonka bai yaudare ka ba kuma matarka ba ta gaskata ƙarya ba. Na san haka tun watan Maris, na yi shiru ina kallo aka karɓe maka suna. Yadda na sani ba zan rubuta a nan ba, don a gaban mutane aka kunyata ka, a gabansu ya kamata a ji.

Na yi kaffarar wata rantsuwa da ke kaina. Jiya na zaunar da 'yata na gaya mata, yau da safe na je na gaya wa surukarta, ta tashi ta bar ni a ɗakin. Nauman ya ajiye aikinsa, zai taho da takardu da wani ɗan jarida, mu haɗu a tashar Multan.

Ranar Juma'a mai zuwa, idan an sallame, ka roƙi liman ya tsayar da mutane a harabar masallaci. A kira likitan, a kira mai shayin. A tanadar mini tebur da farar takarda, alƙalami zan zo da nawa.

Na san halin mutanen Multan, don haka ina roƙo tun yanzu. Kada a yanka kaza, kada a shimfiɗa mini darduma. Ba baƙuwa ce za ta zo ba.

Wassalam,
Riffat Jahan